Ƙyauren da Illo Ya Ɗana wa Walƙiya

A unguwar magina ta Sakkwato, in hadari ya haɗo aka ga mutum ya tsaya ya saki baki yana kallon sama, akan ce masa, shiga ɗaki, jikan Illo. Mu da muka fito daga tsatson Illo ɗin ba mu da bakin musu. Kakanmu ne, ba a sauya wa tuwo suna, kuma gara a ji labarin daga gidanmu da a ji shi a bakin maƙwabta, su da ba sa tsoron Allah wajen ƙara gishiri.

A lokacin Nasara bai zo ba, masu ziyarar Hubbare a ƙafa suke zuwa ko bisa jaki. Illo magini ne, mai zanen bango. A faɗi gaskiya hannunsa ba laifi, in ya lailaye ɗanyen yaɓe ya ja yatsa a kai, zane yakan fito. Sai dai bakinsa ya fi hannunsa aiki. Shi ne ya ce zanzaro a wurin kakansa ya koyi gini, shi ne kuma ya ce ya taɓa zana kulki a bangon wani gida, ɓarawo ya yi shekara bai bi ta layin ba.

A ranin wata shekara, Sodangi attajirin fatake, mai kai fata da baƙaƙen tufafi Gwanja ya dawo da goro, ya gina zaure da soron bene a kansa. Damina ta riske shi fuskar zauren ba ado. Sai ya sa aka faɗa wa magina cewa da ruwa ya ɗauke za a yi zanen, kuma wanda ya kawo masa adon da ba a taɓa gani ba a Sakkwato, shi ke da aikin. Duk magini ya san abin da wannan yake nufi. Zauren Sodangi masaukin baƙi ne, wanda ya zana shi sunansa zai bi ayari har Kano da Gwanja. Mutum biyu aka sa wa ido, Illo da Tambari. Tambari ɗan kawun Illo ne, taubashinsa, don haka duk abin da ya ga dama yana iya faɗa masa, ba mai cewa ya yi rashin kunya.

Ranar da suka je gaban Sodangi, Tambari ya lissafa abin da ya iya, dagi da takobi da allo da sauransu, Sodangi yana tauna goro yana hamma. Illo ya ga hammar. Daidai nan walƙiya ta gilma can gabas, sai ya miƙa hannu ya ce waccan zai sa a bangon. Ba irin ta kintace ba, ita kanta, da surarta ta gaskiya, reshe da reshe.

Tambari ya tambaye shi wa ya taɓa ganin walƙiya ta tsaya har a zana ta.

"Ba ta gamu da ni ba na," in ji Illo.

Sodangi ya daina hamma. Ya ce ya ji ya yarda, in Illo ya kawo masa surar walƙiya kafin ruwa ya ɗauke, aiki nasa ne, in bai kawo ba na Tambari ne. A gaban mutane aka yi maganar, kafin magariba ta kai kasuwa.

Illo ba da ka ya yi maganar ba, yana da dabara, abin da ya fi muni ke nan. Ya lura in mutum ya kalli walƙiya ya rufe ido, yakan ci gaba da ganin ta a cikin duhun idonsa kamar saiwar itace. Abin da ya rage kawai mutum ya ɗauko ta a ido, ya sauko da ita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono, ya zana.

Da hadari ya sake haɗowa da la'asar, ya sa tsani ya hau soronsa. Walƙiya ta haska, ya damƙe idonsa, ga ta kuwa a ciki raɗau. Ya ƙwala wa matarsa Bara'atu kira ta zo ta riƙe masa tsani. Bara'atu tana kwashe shanyar gero kada ruwa ya jiƙa, ta ce masa ya buɗe ido ya sauko kamar kowane Musulmi. Ya ce in ya buɗe za ta zube. Ya lalubo da ƙafa ya taka abin da ya zaci tsani ne, ashe indararo ne. Indararo ya karye, Illo ya sauka a turken awaki, bisa bunsurun gidan. Bunsuru ya tashi ya rama. Ko da Illo ya buɗe ido, walƙiya ta tafi, sai taurari.

Washegari ya fito yana ɗingishi, ya gaya wa 'yan unguwa cewa ya kama ta sarai, mace ce ta sa ta kuɓuce. Arzika maƙeri, maƙwabcinsu da katanga ɗaya ta raba su, ya ce shi dai ya ji kukan mutum da na bunsuru, bai iya rarrabe wane ne na wane ba.

Faɗuwar ba ta koya wa Illo komai ba sai sabuwar dabara. Ya ce me ya sa walƙiya take manne wa ido ba ta manne wa bango? Don ido ɗanye ne. Ashe in aka tara mata ɗanyen yaɓe, mai laushi, wanda aka tankaɗe ƙasarsa, za ta manne a kai da kanta, ba ruwan kowa da tsani. Ya ɗauki kaskon tuyar Bara'atu ya shafe shi da laka ya lailaye, ya hau soro ya ɗaga shi sama da hannu biyu. Aka yi walƙiya, aka kuma yi ruwa, lakar ta narke ta bi hannun rigarsa har hamata. Ya sake shafawa, wannan karon ya jingina kaskon a ƙarƙashin bakin rumbu inda ruwa ba ya kaiwa, fuskarsa na duban gabas, ya shiga ɗaki.

Da safe ya tarar da alama a kai. Layi ɗaya ya taho ya rabu uku, ga wani a gefensa shi ma ya rabu uku. Ko karin kumallo bai yi ba, ya rufe kaskon da gefen rawani ya nufi zauren Sodangi, jama'a na biye da shi. Ya durƙusa ya buɗe. Sodangi ya duba, fatake suka duba, wani baƙo ya yi salati. Tambari ya sunkuya ya daɗe yana kallo, har ya kai hanci.

"Lalle ita ta," ya ce. "Kuma ta ci tsaki kahin ta zo. Ga kashinta nan gefe."

Kazar Bara'atu ce ta bi ta kai. Illo ya ce kaza ma ai sawun walƙiya ta bi, dabba ta fi mutum ganin irin waɗannan abubuwa. Sodangi ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, ya ce alkawari yana nan, amma damina ta raba tsakiya, Illo ya sani.

A hanyar gida Illo ya gano inda kuskuren yake. Walƙiya tana nesa, kasko kuma ƙarami ne. Dole a jawo ta kusa. Kowa ya san aradu ba ta sauka a kan bukka in ga giginya, abin da ya fi tsawo take nema, ta taɓa tsaga rimi, ta taɓa ɓantare zankon wani soron bene a cikin gari. To shi zai gina mata abin da ya fi kowane soro tsawo a unguwar, a tsakar gidansa, ya kafa mata ƙarfe a ka, ya shimfiɗa mata yaɓe a ƙasa, in ta sauko ta ga wurin zama.

Yaron da ya fara koyon kwaɓa ƙasa jiya ya san ba a gini da damina. Tubali ba ya bushewa, abin da ka ɗora da safe ruwa ya kwashe da yamma. Magina suka zo suka faɗa masa, ya ce wannan doka ta ƙananan magina ce. Ya yi ta ɗora ɗanyen tubali bisa ɗanye, yana rufewa da zana, yana tokarewa da azara. Zanar kuwa ta katangar bayan gida ce ya kwance, har sai da Bara'atu ta rataya tsohon zane a wurin. Hasumiyar ta tashi, ƙasanta da kauri, samanta siriri, ta ɗan karkata wajen gidan Arzika kamar mai son jin gulma.

Arzika ya zo ya ce a gyara mata tsayuwa. Illo ya ce karkatar da gangan ce, gabas take gaisarwa. Arzika ya ce gidansa yamma yake. Duk da haka da Illo ya roƙe shi aron ƙarfe, ya ba shi wani tsohon mashi mai tsawo, ya ce ya fi son aradu ta san takamaiman inda za ta, kada ta zo tana lalube a unguwa. Daga ranar ya kwashe iyalinsa ya mai da su ɗakin da ya fi nisa da katanga.

Saura wurin zaman baƙuwa. Illo ya cire ƙyauren zaurensa, babba, na katako, ya kwantar da shi a gindin hasumiya bisa duwatsu, ya yaɓe shi da laka mai kaurin tafin hannu, ya lailaye har tana sheƙi. Kullum sai an yayyafa mata ruwa an sake lailayewa don kada ta bushe. Zaure ya zauna ba ƙyaure, awakin unguwa suka mai da gidan hanya, jakin wani mai ziyara ya shigo har madafa ya cinye dusa.

Sai maganar nono. Tun kaka da kakanni an san wutar aradu ba ta jin ruwa, da nono ake kashe ta, wanda ta taɓa ma nono ake zuba masa. Illo ya sa Bara'atu ta tanadi babbar tukunya, kullum Fulani suka shigo gari a ƙara. Bara'atu ta ce masa, Malam, mutumin da ya tanadi maganin gobara kafin ya kira wuta, ai ya san abin da yake kira. Ya ce mata harkar gini ba ta mata ba ce.

To da aka gama shiri tsaf, sai hadari ya ƙi zuwa. Ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, Illo ya fito ya tsaya gefen ƙyaure riƙe da tabarmar da zai yaye in lokaci ya yi, sai iska ta kwashe hadarin ta yi wani wuri da shi. Yau haka, gobe haka. Nono ya yi tsami a tukunya, aka sha fura da safe, aka sha da rana, aka sha da dare, har yaran gidan in sun ga ludayi sai su fashe da kuka. Abin da ya ƙi shayuwa Illo ya hana a zubar, ya ce aradu ba ta san tsami ba. Aka yi ta tara sabo bisa tsoho, tukunyar ta fara kumfa, ƙudan Sakkwato duka suka tare a gidan.

Gero kuwa ya fara yaushi a gonaki. Wani ya ce mashin Illo ne yake tsaga hadari. Maganar ta isa kasuwa, aka tambayi Illo. Mai hankali da sai ya rantse ba ruwansa. Shi kuwa ya gyara rawani ya ce ai hadarin tsoron a kama shi yake yi, shi ya sa yake kewaye garin. Kwana kaɗan manoman Dundaye da na Kwalkwalawa suka iso ƙofar gidansa da fartanyu a kafaɗa, ba su sha wahalar shiga ba tunda ba ƙyaure. Dattijonsu ya ce sun ji an ce shi ya tsare ruwa, sun zo ya sake shi. Illo ya leƙa ya ga yawan fartanyun, ya ce shi wa, shi da ko tulu bai iya tsarewa, ruwa na Allah ne. Dattijon ya ce to su ma haka suka sani, amma in Juma'a ta wuce ba a yi ruwa ba, za su dawo su taya shi sauke hasumiyar, kuma ba za su tambayi ta inda ake fara rushe gini ba.

Limamin unguwa ma ya aiko a kira shi, ya ce masa abin da ake ji a yi tasbihi ba abin ɗana wa tarko ba ne, ya ji tsoron Allah. Illo ya ce ai shi ma don a riƙa ganin ta a bango ana tasbihi yake yi. Liman ya dube shi ya ce ya tashi ya tafi.

Ranar Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci, gari ya yi zafi ya yi tsit. Can wajen la'asar gabas ta yi baƙi irin wanda ba a gani ba duk daminar, cida tana ta gurnani. Mutane suka ce yau ce. Manoman da suka shigo sallar Juma'a ba su riga sun koma gida ba, suka taho. 'Yan kasuwa suka taho, masu ziyara suka baro Hubbare suka bi sahu. Sodangi da kansa ya zo, aka shimfiɗa masa buzu a zauren Illo, inda ake hango tsakar gida sarai. Tambari ya zauna kusa da shi. Mata suka cika soraye da katangun maƙwabta, amma ba wanda ya matso kusa da hasumiyar, kowa ya bar mata fili.

Illo ya fito da babbar rigarsa ta sallah. Ya ɗora turmi a gefen ƙyaure ya hau, ya kama bakin tabarmar da ta rufe yaɓen, ya yi wa jama'a jawabi. Ya ce su buɗe ido, abin da za su gani jikokinsu za su ba da labarinsa. A nan kam bai yi ƙarya ba, ga shi muna bayarwa.

Iska ta taso, tabarma tana fizga, turmi yana rawa. Yayyafi ya fara. Aka yi wata tsawa can nesa, Illo ya daina jawabi. Aka yi wata kusa, aka ga leɓɓansa suna motsi da sauri.

Sannan ta sauko. Waɗanda suka gani sun ce fara ce fat, ta taho daga sama a karkace, ta rabu, ta sake haɗewa, ta dira a kan mashin Arzika, ƙarar kuwa sai da kowa ya ji ta a haƙoransa. Kan hasumiya ya tarwatse, zanar da ke sama ta kama wuta, sauran ginin ya yi ɗan tunani, sannan ya kwanta a hankali bisa katangar Arzika, inda ya daɗe yana so. Turmi ya mirgina, iska ta yi gaba da tabarma. Illo ya tafi da fuska, hannu a ware, ya faɗa tsakiyar ɗanyen yaɓe, ya lafe.

Aka yi salati, aka ce ta taɓa shi. Bara'atu da matan maƙwabta suka kinkimo tukunyar nan ta nono mai kumfa suka juye masa ita tun daga ƙeya har dugadugai. Wutar zana ruwan sama ya kashe ta, don ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, manoma suna ta hamdala. Warin nonon ne ya farfaɗo da Illo. Maza suka kama shi suka ɓamɓaro shi daga lakar da ƙyar, ba ƙwarzane ko ɗaya a jikinsa. Ya tofar da laka, ya ce, "Ta kama?"

Aka ja ƙyauren zuwa zaure aka jingina shi a gaban Sodangi. Tambari ya tashi ya zagaya shi.

"Ta kama, taubashi. Ga hancinta, ga bakinta buɗe, ga yatsunta goma. Ashe har gemu gare ta."

Surar Illo ce a kai, cif, har da tsagar rigar sallah da zagayen cibiya. Jama'a suka yi ta turereniya suna leƙe, mai dariya ya faɗa kan mai dariya. Arzika ya zo ta inda katangarsa take a da, ya ce shi dai a ba shi mashinsa. Aka tono masa shi ya lanƙwashe kamar lauje.

Sodangi mutum ne mai adalci. Da ya share hawaye, ya ce ƙyaure bai kama ba, amma alkawari bai mutu ba tukuna. Duk Sakkwato ba wanda ya kai Illo kusa da ita. Ya miƙa masa sandarsa, ya ce ya zana masa abin da ya gani a ƙasan zauren nan, in ya yi, aiki nasa ne.

Illo ya karɓi sanda, nono yana ɗiga daga gemunsa. Ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a. Ya kafa sandar, ya ɗaga, ya sake kafawa.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "tun tsawa ta biyu ni idona rufe shike."

Tambari ya zare sandar daga hannunsa, ya ce shi nasa a buɗe yake, daga zaure, cikin inuwa. Ya ja layi a ƙasa a karkace, ya raba shi, ya sake haɗewa. Manoma suka ce ita ce. Mata daga kan katanga suka ce ita ce. Sodangi ya ce da ruwa ya ɗauke Tambari ya fara aiki. Tambari ya juya ya yi wa Illo godiya, ya ce ba don hasumiyar taubashi ba, ina zai ga walƙiya kusa haka.

Ƙyauren kuwa, liman ya sa aka kankare shi, aka mai da shi zaure. Illo ya ci ranin shekarar yana gina wa Arzika katanga, da busasshen tubali. Bara'atu ba ta sake dama fura ba sai da shekara ta zagayo.

Zanen Tambari ya daɗe a fuskar zauren Sodangi, fatake suna tsayawa kallo. Illo kuwa duk ranar da ya bi ta wurin sai ya tsaya ya karkata kai, ya ce wa duk wanda ke kusa, reshen nan na hagu ba haka yake ba, Tambari ya ɓata shi. Wata rana wani baƙo da bai san labarin ba ya tambaye shi, to yaya yake, Malam?

Illo ya ce, "Tambayi kowa cikin garin ga. Ni kaɗai na ban gani ba."